Tasalla Mai Yaji, Ta Bakin Mai Ƙyashinta

Ranar Lahadi, kafin motocin albasa su gama shigowa kasuwar Illela, Inna Tasalla ta riga ta share gaban rumfarta, ta cika randunanta da ruwa, ta ɗora tukunya. Ba ta gaggawa. Sai ta daddaka citta, ta jefa kanumfari da kimba, ta ɓare tafarnuwa da farce, ta kawo zoɓo ta watsa a kai. In tukunyar ta tafasa, ƙamshin yakan bi layin masu kayan yaji har ya kai ga 'yan dabino. Daga nan sai ta zagaya ta buɗe wata ƙaramar ƙofar langa-langa da ke bayan rumfar, wadda ta shiga cikin gidanta, ta jera butoci a bakinta, ta dawo ta zauna tana jan carbi. Haka take yi tun gashinta yana baƙi.

Wannan duk ba daga bakin masoyanta na samo shi ba. Masoya ba su iya ba da shaida ba. Ka tambaye su sai su ce maka "mutuniyar kirki ce," su yi shiru, kamar sun gama magana. Wadda ta zayyana mini komai dalla-dalla ita ce Mahbuba, mai rumfar da ke fuskantar ta Tasalla, wadda ta shafe shekaru tana kallon ta ba ƙiftawa. Mai ƙaunarka yakan dube ka ya kau da kai ya shiga sabgarsa, amma mai ƙyashinka ko tari ka yi ya san lokacin da ka yi shi. Saboda haka jinjinar nan ta Tasalla ce, sai dai a rumfar Mahbuba za mu zauna mu kalle ta.

A yi wa Mahbuba adalci, tana da dalilin jin zafi. Gadon sana'ar ta yi. Ubanta ya yi fataucin kayan yaji tsakanin Illela da Ƙonni har ƙarfinsa ya ƙare, ita kuma tun tana yarinya hancinta ya san kanumfari mai mai daga wanda aka tatse. Cittarta ta fi ta Tasalla zafi, masoronta ba tsakuwa, kirfarta ba ƙura. Ita ma tana haɗa maganin sanyi, wato abin nan da ke sa mace zafin fitsari da ciwon mara da yawan zagayawa ba a yin komai sai ɗigo. Amma mata su zo su wuce ta, wata har mayafinta ya shafi kwandon hulbarta, su je su durƙusa gaban Tasalla suna "Inna, ina kwana." Duk Lahadi sai Mahbuba ta haɗiyi wannan, ba ya kuwa wucewa da sauƙi.

Ta yi duk abin da mai ƙyashi yake yi. Ta aika aka sayo mata ƙullin Tasalla, ta baza shi a faifai tana tsinta ɗaya bayan ɗaya, ta shaƙa, ta ɗanɗana, ta jiƙa wani ta ga launin ruwansa. Ba ta tarar da komai ba sai abin da ke cikin kwandunanta. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Da ta samu wata baƙuwar saiwa, da ta huta, ta ce asiri ne. Da ba ta samu ba, sai ta ce asirin ya fi ƙarfin ido, ta kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya sayen barkono.

Abin da ta ƙi gani kuwa yana gabanta, a buɗe.

Duk wanda ya san matan da ke cin kasuwar nan ya san halinsu. Daga Garu suke zuwa, daga Lafani, daga Gidan Katta, wasu su tsallako daga Ƙonni ta Nijar da kuɗin sefa ƙulle a bakin zane. Mace ta kasa kuka ko daddawa ko gyaɗa, ita kaɗai ce, ba mai tsare mata. In ta tashi ciniki ya wuce, wani lokaci har da kayan. In ma ta tashi ina za ta? Wurin zagayawar yana can cikin maza da 'yan kabu-kabu, kuma macen ƙauye ta gwammace ta mutu da ta ratsa taron maza riƙe da buta. Sai suka yi wa kansu dabara, uwa ta koya wa 'ya: ranar kasuwa ba a shan ruwa. Su wuni a rana maƙogwaro a bushe, mara a ɗaure, sai sun koma gida da magariba. Bayan kwana kaɗan sai zafin fitsari ya tashi, a ce sanyi ne ya kama ta, a sayi magani, a sha, Lahadi ta zagayo a sake ɗaurewa.

Tasalla ta daɗe tana sayar musu da ƙulli tana ganin fuskokin nan suna dawowa. Rannan sai ta kira magini ya fasa katangar gidanta ta baya, aka haƙa masai, aka zagaye shi, aka sa rufi da ƙofa. Ta kuma kafa doka, dokar da har yau ba ta karye ba: ba ta miƙa wa mace magani sai ta shanye moɗa guda ta ruwa a gabanta, ta shiga ta zagaya, ita kuma ta sa mata ido a kan kaya. In ta fito sai a zauna. Tun yaushe? Akwai zazzaɓi? Bayanki yana ciwo? Kin ga jini? Kina da ciki? Wadda ta amsa a'a duka, a zuba mata ruwan tukunya mai ɗumi, a ba ta ƙulli, a ce ta riƙa shan ruwa kamar an aiko ta, in kwana biyu bai sake ta ba ta dawo. Wadda ta amsa i ko sau ɗaya ne, ba ta ganin ƙulli. Asibiti za ta, a gwada fitsarin.

Ke ce wannan, Inna Tasalla. Ke ce kika gane cewa citta da kanumfari suna da iyaka, kika kuma faɗa da bakinki alhali su ne abincinki. Ummu ta Lafani ta ba ni labarin ranar da ta zo miki da ciki wata shida tana kuka da mara, ta roƙe ki har da riƙe miki ƙafa, kika hana ta, kika sa ta a mota zuwa asibiti. Ta ce ta tafi tana zagin ki a zuci. Yarinyar da ta haifa yanzu ita ke ɗauko mata kwandon daddawa. Matan Ƙonni kuwa sun sa wa ƙofar nan taki suna, suna ce mata ƙofar rufin asiri. Uwar marasa uwa a kasuwa, ba ni na raɗa miki ba, a bakinsu na ji.

Mahbuba ma ta ji, kuma kowace kalma sai da ta soke ta. Wata Lahadi layin mata ya yi tsawo har ya toshe gaban rumfarta, wata tsohuwa ta jingina da kwandon masoronta ya zube. Nan ƙyashin da aka daɗe ana dannewa ya ɓalle. Ta miƙe a gaban jama'a ta ce:

"Ku tambayo mani ita, magani taka saidawa ko masai? Ni ɗiyar masu sana'a ta, ban gaji wankin kashin kowa ba."

Wata daga cikin layin ta ce, "Ke ma wata rana kya shiga."

"Ni? Wallahi tallahi ƙahwata ba ta taka ƙohwar ga. Ku shaida."

Tasalla ta taso ta durƙusa ta taya ta tsince masoron, Mahbuba tana janye kwandon. Daga ranar gaisuwa ta koma ɗaga hannu, daga baya hannun ma ya daina ɗaguwa.

To, gidan Mahbuba yana can ƙarshen gari, hanyar Kalmalo. Ba ta iya barin rumfa ta je ta dawo, don a ganinta duk wanda ya zo bai same ta ba, Tasalla ce za ta kwashe shi. Ƙofar kusa kuma ta rantse a kanta. Sai mai sayar da maganin sanyi ta koma yin daidai abin da ke kawo sanyin: ta daina shan ruwa in za ta kasuwa, ta wuni a ɗaure tana kallon mata suna shiga ƙofar da ke gabanta suna fitowa da sakakkiyar fuska. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, kuma Mahbuba ta naɗa nata ta zauna da shi shekara da shekaru.

Ciwon ya riƙa zuwa yana tafiya. In ya zo sai ta dafa nata haɗin, ta ninka kanumfari, ta ƙara tafarnuwa, ta jefa jar kanwa, ta sayi ƙwayoyi wurin masu yawo da magani a faranti ta haɗiye a ɓoye. Ko ɗanta Usama ba ta gaya wa ba. Ta yaya za a ji cewa mai maganin sanyi tana fama da sanyi, ga kuma Tasalla a gabanta lafiya lau, tsohuwar da ta girme ta amma ko atishawa ba ta yi? Har lafiyar Tasalla sai da Mahbuba ta yi ƙyashinta.

Sai kasuwar jajiberin babbar Sallah ta zo, ranar da mai yaji ke jira duk shekara, don ba gidan da zai soya nama ba tare da ya biyo ta layin nan ba. Wannan karon ciwon bai tsaya a mara ba, ya hau baya. Mahbuba ta zo da shi a haka. Rana tana dukan langa-langa, kowa yana fifita, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe har wuya, haƙoranta suna haɗuwa. Tana zaune a gefen kujera, hannu ɗaya dafe da kwiɓi, tana auna citta tana zubar da rabi a ƙasa.

Ashe kallon nan ba ita kaɗai ke yin sa ba. Tasalla ta bar mata a tsaye a gaban tukunya, ta ratso layin, ta tsaya a kanta.

"Mahbuba, mi ka damun ki?"

"Lahiya ta lau. Koma ga mutanenki."

Tasalla ta kai bayan hannu ta taɓa mata wuya. "Tun yaushe jikin ga yay yi zahi haka? Bayan na ciwo?"

Mahbuba ta so ta ture hannun, ƙarfin bai zo ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta sunkuyar da kai ta amsa duk tambayoyin nan da ta sha ji ana yi wa wasu tana taɓe baki. Sannan, da muryar da ita kanta ba ta gane ba, ta faɗi abin da ta ɗauka har ta mutu ba za ta faɗa ba.

"Yaya, zubo mani na tukunyarki in sha."

"Ba ni ba ki."

Mahbuba ta ɗago. Hawaye suka zubo, na zazzaɓi da na baƙin ciki a haɗe. "Kowace baƙuwa kin ba ta. Ta Ƙonni kin ba ta, ta Garu kin ba ta. Ni da nir roƙe ki yau guda, ni za ki hana? Ramawa kika yi?"

"In ramawa nika so, sai in ba ki," in ji Tasalla. "Wagga cuta ta wuce tukunyata, ta wuce taki. Ta kai ga ƙoda. Tashi mu tai asibiti."

"Kasuwar Sallah ta. Wa ka tsare mani kaya?"

Tasalla ta koma ta sauke tukunyarta, ta ja buhu ta rufe kwandunanta, ta zo ta rufe na Mahbuba. Ta gaya wa matan da ke jira cewa ƙofa a buɗe take, randa a cike, magani kuwa sai wani mako. Rumfuna biyu suka wuni a rufe a ranar da ta fi kowace rana ciniki, masu saye suka gangara gaba.

A asibiti aka gwada, aka tarar kamar yadda ta faɗa. Aka kwantar da Mahbuba, aka sa mata ruwa, aka bi ta da allurai. Malamar da ta karɓe su ta gaya wa Usama cewa da an ƙara kwana biyu, da maganar ta zama wata. A gadon nan Mahbuba ta yi Sallah. Tasalla ce ke zuwa da kunu, ita ke riƙe ta zuwa makewayi, ita ke wanke zannuwan. Mahbuba tana kwance tana kallon bayan tsohuwar nan, kuma kada ku ɗauka zuciyarta ta narke kamar yadda ake faɗa a tatsuniya. Ta gaya mini da bakinta: godiya tana nan, amma ƙyashin ya ninka. Da tana ƙyashin ciniki, yanzu ta koma ƙyashin hali. Ciniki ana iya kamo shi, hali kuwa ba ta san inda ake sarinsa ba.

Ranar da ta dawo kasuwa, rana ba ta yi nisa ba sai ga Tasalla da moɗa. Ta ajiye a gabanta ta tsaya. Duk layin ya zuba ido, don waɗanda suka shaida rantsuwar suna nan da ransu.

"Shanye."

"Yaya, in na sha ina za ni? Kin san na rantse."

"Na sani, ina nan kir rantse. Rantsuwa ana yi mata kahhwara, Mahbuba. Ƙoda ba a yi mata."

Mahbuba ta dubi moɗar, ta dubi ƙofar, ta dubi matan da ke satar kallon ta. Ta ce mini tafiyar nan daga rumfarta zuwa ƙofar langa-langa ta fi mata tafiya Ƙonni a ƙafa nisa. Amma ta shanye, ta ɗauki buta, ta ratsa. Ba wadda ta yi dariya, don Tasalla tana tsaye. Washegari Mahbuba ta dafa shinkafa da wake ta ciyar da miskinai goma kamar yadda malam ya gaya mata, tana rabawa tana mita.

Bana gwiwoyin Inna Tasalla suka ce sun gaji. Ɗanta Maccido ya zo ya ɗauke ta zuwa Gidan Katta, inda za ta zauna cikin jikoki. An so a mai da bayan gidan wurin ajiye albasa, ta ce ba da ranta ba. Tukunya da randuna da ƙofa, duk ta damƙa su a hannun Mahbuba. Mutane suka yi ta mamaki, ita kuwa ta ce ba wanda ya san aikin kamar wadda ta shafe shekaru tana kallon sa.

Yanzu Mahbuba ta samu abin da ta nema tun ƙuruciya: layin mata a gaban rumfarta. Sai dai kowacce ta durƙusa, kafin ta faɗi ciwonta sai ta tambaya, "Ina labarin Inna Tasalla?" Wata ta kurɓi ruwan tukunya ta ce na Inna ya fi daɗi, alhali haɗin ɗaya ne, kuma cittar Mahbuba ta fi. Na same ta tana huci a kan wannan. Da na ce mata jinjina zan rubuta, ta harare ni ta ce:

"Rubuta cewa na hi ta iya haɗa yaji, don gaskiya ta. Sannan rubuta cewa ba don ita ba da yanzu ciyawa ta hito bisa kabarina. Duka biyun ka sa, kar ka rage guda." Ta dubi rumfar da ke gabanta, wadda yanzu ba kowa a ciki. "Kasuwar ma ta yi mani salam. Ban da wanda nika kallo."

Na sa duka biyun, Mahbuba.

Inna Tasalla, mun gode. Kin gane ciwon da mata ke jin kunyar faɗa, kin yi masa magani da ruwa da ƙofa kafin ki yi masa da yaji, kin kuma san ranar da ya kamata a rufe tukunya a nemi likita. Kin hana maƙiyiyarki magani don kina son ta rayu. Allah ya sauƙaƙa miki gwiwoyin nan, ya sa jikokinki su yi miki abin da kika yi wa 'ya'yan wasu, ya buɗe miki ƙofa ranar da kowa ke neman wurin fakewa.

Mu kuma da muka rage, masu sayar da magani da masu gidaje a bakin kasuwanni, abin koyi bai yi nisa ba. Mai ƙulli ya koyi cewa "wannan ya fi ƙarfina." Mai katanga ya duba ko za ta fasu. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kai ta Tasalla ba, to ya yi irin na Mahbuba. Makon jiya na tarar da magini yana haƙa rami na biyu a gefen na farko, Mahbuba tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu. Na tambaye ta mene ne.

"Ita guda tag gina," ta ce. "Ni biyu za a ƙirga mani."

Aka kai wa Tasalla labari a Gidan Katta. Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ƙara wa ƙanwarta ƙyashi, ya kuma ba ta tsawon ran da za ta gina na uku.